Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Abin Da Na Gani A Harkar Fim



Tun da aka ce ni zan yi rubutun makon nan nake juya abin da zan kawo. Sai na tuna da saƙonnin da wasunku suke turo min ta bayan fage, kusan duk tambayar ɗaya ce: "Don Allah ya ake shiga rubutun fim?" Wasu har da cewa in haɗa su da furodusa. Ni ba kowa ba ne a wannan harka, sau ɗaya tak sunana ya taɓa fitowa a talabijin a matsayin marubuci. Amma na shekara uku ina bin lokeshin, na ci daɗi na sha wuya, har na kusa jawo wa mahaifiyata abin kunya. Bari in ba ku labarin yadda yake, kowa ya tsinci abin da zai amfane shi. Ba zan kama sunan kowa ba, don ba tonon asiri na zo yi ba.

Na gama difloma a fannin aikin jarida a Poli a 2021. Na zaga gidajen rediyo da takarduna, ko'ina sai a ce in ajiye za a neme ni. A zaman jiran kiran ne na fara sakin labari a Facebook, shafi ɗaya kowane dare. Labarin wata yarinya ne da aka yi wa auren gaggawa, aka sako ta kafin shekara. Mutane suka karɓe shi fiye da yadda na zata. Cikin watan Nuwamba 2022 wata baƙuwar lamba ta kira ni, mai maganar ya ce Alhajinsu ya karanta labarin, yana so a mayar da shi fim mai dogon zango, in same su a ofis a Titin Gidan Zoo.

Wanda bai san Kano ba, wannan titin shi ne cibiyar 'yan fim. Benaye ne cike da ƙananan ofisoshi da situdiyo, nan ana buga fiyano, can ana tace hoto, matasa na zaune a matattakala suna jiran wanda zai ce su zo su fito ko da a sin ɗaya ne. Na hau benen gabana yana faɗuwa don murna.

Alhajin ɗan kasuwar yadi ne, bai taɓa yin fim ba, sha'awa ce ta kawo shi. Ya ce, "Malam marubuci, kashi goma sha uku nake so. Nawa za ka yi min?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Alhaji, duk abin da ka bayar Allah Ya yi albarka."

Ku riƙe wannan jimlar, ita ce kuskurena na farko. Ya yanka naira 15,000 kowane kashi, jimilla 195,000, ya ba ni 40,000 kafin alƙalami. Ba takarda, ba shaida in ban da daraktan da ke gefe yana latsa waya. Na sauko ina ji kamar an ba ni kyautar Kano da kewayenta.

Kafin in ci gaba, yana da kyau sabon marubuci ya san kasuwar da zai shiga. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, fim ɗin Hausa a kaset da faifai ya rayu. Furodusa ya yi fim, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai da Bata, a buga a sayar. A wancan zamani marubuta littattafai irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bala Anas Babinlata suka mayar da labaransu fim, daga baya irin su Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman suka yi suna a rubutun fim. Sai satar fasaha da masu tura finafinai a waya da fassarar finafinan Indiya suka taru suka durƙusar da kasuwar faifai. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta saba wa mutane da kallon shiri mako-mako irin Daɗin Kowa, sannan wajen 2020 Izzar So da Labarina suka nuna cewa ana iya tara miliyoyin masu kallo a YouTube. Daga nan duk mai ɗan jari ya ce shi ma fim mai dogon zango zai yi. Alhajina yana cikin wannan ayari, ni ma iskar ce ta ɗebo ni.

Sati uku na yi ina rubutu ba dare ba rana. Na kai wa darakta kashi uku na farko ina jiran yabo. Ya zaro jan biro, ya karanta shafi biyu, ya ɗago ya ce, "Malam, wannan 'ta ce a zuciyarta' ɗin, da wace kyamara zan ɗauke shi?"

A ranar na gane littafi daban, sikirif daban. A littafi kana da izinin shiga zuciyar mutum ka zauna shafi biyar. A fim abin da ido zai gani da wanda kunne zai ji kawai kake da shi. Kowace fitowa sai ka rubuta a samanta ko a ciki ne ko a waje, a ina ne, da rana ne ko da dare. Shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a kallo. Sannan kowane layi da ka rubuta kuɗi ne. Na rubuta hawan Sallah, ya soke. Na rubuta an tsuge da ruwa tana tafe tana kuka, ya ce, "A Fabrairu? Kai za ka kawo ruwan?" Na rubuta hatsarin mota, ya ce a bugo waya kawai a ce an yi hatsari. Asibiti ya koma kemis, taron biki na mutum ɗari ya koma mata takwas a tsakar gida. Na ji ciwo sosai, ina ganin ana yanka min ɗa a gabana. Yanzu kuwa ina gode masa, don wannan jan biron ya koya min abin da ban samu a aji ba.

Da za a fita aiki, darakta ya ce in biyo su in riƙe kwantiniti, za a ɗan ba ni na sabulu. Aikin mai kwantiniti shi ne ya zama ƙwaƙwalwar fim. Ba a ɗaukar fim a jere yadda mai kallo yake ganinsa. Duk fitowar da ke gida ɗaya ana ɗauke ta a lokaci ɗaya, ko da ɗaya a kashi na farko take, ɗaya a na shida. Kai ne za ka rubuta wace hula jarumi ya sa, a wane hannu agogonsa yake, ina shayin ya tsaya a kofi, wane kalar ɗankwali aka fita da shi daga ɗaki don kada a shigo tsakar gida da wani.

Muka sauka a wani ƙauye bayan Kura a farkon Fabrairu 2023, mu ashirin da wani abu. Duk wanda yake Najeriya a lokacin ya san abin da ake ciki: canjin kuɗi, takardar naira ta yi ɓatan dabo. Mai gidan da muka ara yana son kuɗi a hannu, matan da ke dafa mana abinci haka, mai sayar da fetur a galan haka. Taransifa kuwa sai ka hau kan tudu kana ɗaga waya sama. Akwai ranar da ba a ɗauki ko sin ɗaya ba, saboda mai kula da shirin ya tafi Kano bin layin banki tun asuba, bai dawo ba sai bayan isha'i da abin da bai kai rabin buƙata ba. Rogo da ƙuli muka wuni a kai. A ajin firamare muke kwana kan tabarma, sanyi yana shigowa ta tagar da ba ta da murfi. Hayar kyamara da fitilu kuwa tana tafiya, ko an yi aiki ko ba a yi ba.

A nan na tafka kuskuren da har yau ake tsokanata da shi. An fara da ɗaukar bikin, saboda a kwana biyun farko aka samu gidan da ke da kayan ɗaki. Aka zauna aka rangaɗa wa jarumar lalle hannu da ƙafa. Sai a kwana na uku, da aka zo ɗaukar rayuwarta tana budurwa wata shida kafin auren, muka kalli hannunta muka kalli juna. Ni ya kamata in hango haka tun ana tsara jadawali. Darakta bai zage ni ba, kallon da ya yi min ma ya isa. Haka ta yi sauran fitowarta hannu a cikin hijabi, sai a wajen jan ruwa a rijiya da ba yadda za a yi. Da fim ɗin ya fita, wata ta rubuta a ƙasa: "Ikon Allah, amarya tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa."

Babban jarumin da aka ɗauko don sunansa ya ja masu kallo, kwana biyu aka biya shi. Ya iso da la'asar ranar farko daga wani lokeshin, washegari da magariba ya ce wasu na jiransa. Saura fitowa bakwai ba a ɗauka ba. Darakta ya miƙo min takarda a kan bonet ɗin mota ya ce, "Ka san yadda za ka yi da shi." Cikin rabin awa na tura shi Legas neman kuɗi. Don haka idan kuna kallo kuka ga wani ya yi tafiya ba sallama, ko ya mutu ba ciwon kai, ku yi wa marubuci uzuri. Sau da yawa aljihun furodusa ne ya kashe shi.

Amma a wannan ƙauyen na ga abin da ya sa har gobe ba zan iya zagin harkar nan ba. Akwai wani dattijo da ya fito a uban yarinyar, tun zamanin wasan kwaikwayo na gidajen talabijin na NTA da CTV yake wasa. Fitowar da na fi alfahari da ita ita ce ranar da aka sako 'yarsa ta dawo gida da akwati. Na rubuta masa jawabi shafi ɗaya da rabi, da karin magana da nasiha, na tabbata sai an yi kuka. Ya karanta a hankali, ya ninke takardar, ya yafito ni.

"Yaro, ka taɓa aurar da 'ya?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "Uban da aka sako wa 'ya ba ya wa'azi. Ko yana so, maƙogwaronsa ba zai bar shi ba. Ka ba ni dama in yi yadda na gani, in bai yi ba sai a sake."

Aka ce akshin. Yarinyar ta yi sallama ta tsaya a bakin zaure. Ya kalli akwatin, ya kalle ta, ya sake kallon akwatin. Ya ce, "Shiga ciki ki sha ruwa, uwarki na nan." Da ta wuce, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya zauna yana kallon ƙasa. Shi ke nan. Wurin ya yi tsit, har yaran ƙauyen da ke leƙe ta katanga. Darakta ya manta bai ce kat ba sai da mai kyamara ya taɓa shi. Na juya na ga matar da ke dafa mana abinci tana share ido da gefen mayafi. Kalma takwas ta yi abin da shafina ɗaya da rabi ba zai yi ba. Tun daga ranar, duk abin da na rubuta, ko gajeren labari ne, sai na koma na tambayi kaina: wanne ne a nan Baba zai ninke ya ajiye?

Kwana tara muka yi, aka ɗauki kashi shida, aka ce sauran bakwai sai bayan azumi. Bayan ƙaramar Sallah aka saki kashi na farko. Na sayi data, na tara Umma da ƙannena a kan waya ɗaya. Sunaye suka fara fitowa. Labari: sunan Alhaji. Tsarawa da bada umarni: sunan darakta. Na ce wataƙila a ƙarshe ne. Muka kalla har ƙarshe. Sunana yana can ƙasa a wajen kwantiniti, an ma cinye harafi ɗaya. Ƙanwata ta tsayar da hoton ta ce, "Yaya, ga ka nan!" don ta faranta min. Na yi dariyar yaƙe na fita waje.

Da na kira Alhaji, bai ga laifinsa ba ko kaɗan. Ya ce, "Malam marubuci, ba sayen labarin na yi ba? Wanda ya sayi akuya ai har igiyar tasa ce." Ban da abin cewa, don ba mu taɓa maganar suna ba. Na ɗauka abu ne da kowa ya sani.

Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Harkar da ke tafiya a kan janareta da motar haya, kun san abin da hakan ke nufi. Kashi bakwai ɗin nan har yau suna cikin jakata. Da na nemi cikon kuɗina, sai lissafi ya canza: ai kashi shida aka ɗauka, kuɗinsu 90,000, an ba ni 40,000 da wata 20,000 a lokeshin, saura 30,000. Na ce ai goma sha uku na rubuta. Aka ce wa ya ce in rubuta wanda ba a ɗauka ba? Ita ma 30,000 ɗin, "gobe" da "jibi" suka cinye ta.

Na daɗe ina jin haushinsa. Sai wata rana mai tace hoton ya nuna min lissafin tashar a kwamfutarsa, jikina ya yi sanyi. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da kai sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. In ka cika, kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar ne naka, kuma ba a turo maka sai ya kai dala 100. Tallar da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ba ta kai darajar wadda ake nuna wa na Turai ko Amurka ba. Ga kuma ɗimbin masu kallonmu da ba sa hawa YouTube ɗin ma, wajen masu turi suke zuwa a zuba musu a waya. Shi ya sa kuke ganin tallar masu maganin gargajiya da masu sayar da filaye a tsakiyar shiri, da ita ake toshe ɓaraka. Tashar Alhaji sabuwa ce, sai a kashi na huɗu ta cika sharaɗi. Abin da ya shigo masa gaba ɗaya bai biya hayar kayan aiki ba. Bai kyauta min ba, amma shi ma ba ci ya yi ba. A harkar fim mai zaman kansa, sau da yawa wanda ya riƙe maka haƙƙi shi ma wani ramin yake ciki.

Mai hankali da ya ga haka sai ya ja da baya. Ni kuwa sai na ce ai rashin sanin harka ne ya kayar da Alhaji, mu da muka sani ba za mu faɗa ba. Mu huɗu muka haɗu, ni da mai kyamara da mai tace hoto da wani mai sha'awar bada umarni, muka ce za mu yi namu na rabin awa, mu mallaki abinmu, mu sayar wa gidan talabijin. Muka yi lissafi ya kama naira 320,000. Kasona 150,000, ni da ko dubu goma ban ajiye ba.

Umma ta ɗauki adashi a watan Disamba. Kuɗin kayan ɗakin ƙanwata ne, an sa bikinta bayan Babbar Sallah. Na zauna a gabanta na tsara mata magana yadda marubuci ya iya tsarawa. Na ce wata biyu kawai, zan dawo da su har da riba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ka san dai na mene ne." Na ce na sani. Ta shiga ɗaki ta ɗauko.

Muka ɗauka a Janairu 2024, kwana uku, a wani gida a unguwarmu. Hoto ya yi kyau har muna tafawa. Don mu rage kashe kuɗi, ba mu ɗauki mai sauti ba, muka ari wata makirfo muka ɗaura a sanda, ba wanda ya sa abin ji a kunne yana saurare. Sai a ɗakin tace hoto muka ji abin da muka ɗauko: iskar hunturu tana bugun makirfo, janareta yana gurnani, injin markaɗen maƙwabta yana amshi. Maganar 'yan wasa kamar daga cikin rijiya. Mai kallo zai yafe maka hoto mai duhu, amma ba zai zauna minti biyu yana kallon abin da ba ya ji ba. Dole muka shiga situdiyo aka sake ɗora murya, wani kuɗin daban. Jarumar ta koma makaranta a wani gari, wata ce ta yi muryarta, baki yana gaba magana tana baya.

Muka kai gidajen talabijin biyu. A duka biyun bayanin ɗaya ne: ba sa sayen shiri guda ɗaya, in muna so a nuna sai mu sayi fili, ko mu kawo mai ɗaukar nauyi a raba. Ashe mu za mu biya su. Wannan tambaya ce da za mu iya yi tun kafin mu taɓa kyamara, kuɗin adaidaita sahu kawai za ta ci mana. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa sai da muka isa muka tuna da gorar. Muka ɗora shi a sabuwar tasharmu. Wata guda, masu kallo dubu uku da 'yan kai. Ko sisi.

Azumi ya wuce, rana tana matsowa, kaya kullum ƙara tsada suke. Katifar da aka yi ciniki a Disamba, a Mayu ta kusa ninkawa. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, kuma ni ne zan jawo wa uwar ɗiyar. Na yi sati biyu ba na shiga gida sai kowa ya yi barci. Daren da na faɗa wa Umma gaskiya, na shirya wa faɗa, na shirya wa kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Kuɗin ba nawa ba ne. Ka je ka faɗa wa mai su."

Ban taɓa jin nauyin wani abu kamar tsayuwa a gaban ƙanwata ina wannan bayani ba. Ta saurara har na gama. Ta ce in ba ta fim ɗin ta gani. Ta kalla har ƙarshe ba ta ce komai ba, sannan ta miƙo min wayar ta ce, "Yaya, labarin ya yi daɗi. Amma tunda da kuɗin gadona aka yi, a sa sunana a furodusa." Muka yi dariya, ni tawa da hawaye.

Washegari na kai kwamfutata Titin Beirut na sayar, wadda na yi shekara biyu ina tara kuɗinta. Na karɓi aikin zaman shagon POS na wani maƙwabcinmu, na roƙe shi ya ba ni albashin wata uku a dunƙule. Na haɗa na kai wa Umma 150,000 cif. Amma kuɗin Disamba ba su ne kuɗin Yuni ba. Sai da kawunmu ya cika, kuma ba a sayi duk abin da aka yi niyya ba. An yi biki lafiya, ba wanda ya sani a waje. Ni dai duk ranar da na je gidanta na ga gurbin da ya kamata a ce kabet ne a wurin, na san wanda ya cinye shi.

Ga inda abin yake da ban mamaki. Wannan fim ɗin da bai kawo ko sisi ba, shi wani darakta ya gani a ƙarshen 2024, ya nemi lambata. Ya ce, "Sautinku ya mutu, amma wanda ya rubuta maganganun nan ya san abin da yake yi." Wani ƙaramin kamfani ne ya samu mai ɗaukar nauyi, suka sayi fili a gidan talabijin, suna neman marubuci na uku. Wannan karon da aka ce nawa zan yi, na faɗi kuɗina da bakina, na ce a rubuta, a sa har da yadda sunana zai fito. Ba wanda ya ji haushi, ashe kunyar ni kaɗai nake yin ta. Mu uku muke zama mu fasa labari, mu yi musu, kowa ya tafi da kashinsa, a waya nake rubuta nawa. Duk kashin da na miƙa, alat yana shigowa. Daren da aka fara nunawa, Umma ta sa aka kunna janareta, abin da ba ta yi sai da dalili. Da sunana ya fito, harafi bai ɓace ba, ba ta ce komai ba, sai ta ce a ƙara sauti.

Zango ɗaya aka yi, mai ɗaukar nauyin bai sabunta ba, kowa ya kama gabansa. Yanzu haka ina shagon POS da rana, ina rubutu da dare, ina jiran kira na gaba. Haka harkar take, wata uku kana lokeshin ba ka da lokacin wanka, wata biyar wayarka ko ƙara ba ta yi.

To ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai son shiga, ga ɗan abin da na tsinta. Ka faɗi kuɗinka, kuma a rubuta, ko da a saƙon WhatsApp ne: kashi nawa, nawa-nawa, yaushe za a biya, me zai faru in ba a ɗauka ba, da wane matsayi sunanka zai fito. Kada ka miƙa aikin gaba ɗaya, ka bayar kashi-kashi, ana biya kana bayarwa. Ka ajiye shaidar ranar da ka rubuta abinka, domin dokar haƙƙin mallaka abin da aka rubuta take karewa, ba labarin da ka ba wani da baki a wajen mai shayi ba. In a Kano za ka yi aiki, ka san da Hukumar Tace Finafinai da aka kafa tun 2001, ka nemi sanin ƙa'idojinta na rajista da tacewa, ka sa su a lissafi tun farko. In ka samu dama ka je lokeshin ko sau ɗaya ne, ko da riƙe fitila za ka yi, don marubucin da bai taɓa ganin yadda ake ɗaukar fim ba zai yi ta rubuta ruwan sama a Fabrairu. Ga 'yan'uwa mata, ku sani rubutun fim ba ya buƙatar kwana a lokeshin, da yawa daga gida suke yi, amma ku sa wani naku a cikin maganar kuɗi tun daga farko. Kada ka saki sana'arka. Kafin ka yi naka fim ɗin, ka fara sanin wanda zai saya, kuma ka biya mai sauti. Na ƙarshe, wanda na saya da tsada: kada ka taɓa zuba kuɗin da aka riga aka sa wa rana.

Wani zai ce, bayan duk wannan me ya hana ka haƙura? Na sha tambayar kaina. Kwanaki ina shago wata mata ta zo cire kuɗi, tana jira tana kallon wani abu a waya. Na ji muryar Baba yana cewa a shiga ciki a sha ruwa. Ta ɗago ta ce min, "Wallahi haka mahaifina ya yi ranar da na dawo." Ban ce mata ni na rubuta labarin ba, tunda wannan layin ma ba nawa ba ne. Na ƙirga mata kuɗinta ta tafi. Da dare na buɗe waya na ci gaba da rubutu.

Masu irin wannan labari a cikinmu, na san kuna da yawa, ku ba mu naku don na baya su ƙaru. Allah Ya sa wa alƙalumanmu albarka, Ya ba mu haƙƙinmu, Ya hana mu cin na wasu. Ya saka wa iyayenmu da alheri. Amin.